Jirgin Alhaji ya sauka a kan yajin jego

Ina tsaye a tsakar gida ina atishawa, hawaye na zuba, ɗan jirgin Alhaji mai ɗaukar hoto kuwa ya yi zamansa a tsakiyar tabarmata kamar an gayyace shi.

Yajin jego ne na shanya. 'Yata ta haihu a Rogo, gobe ake jiran in kai. Da hannuna na daka shi, citta, kanumfari, masoro, ban rage komai ba. Iskar farfelar abin nan ta kwashe rabi ta watsa kan katanga, sauran ta rarraba mana a ido ni da kaji.

Sai ga maigidan ya shigo da gudu, rimot a hannu.

"Hajiya, wallahi ba ni na turo shi ba. Sabon tsari nake koya. In batirinsa ya yi ƙasa, da kansa yake komawa inda ya tashi."

"A ina ya tashi?"

"Nan, da safe. Lokacin ba ki yi shanya ba."

Na ce, "Madalla, Alhaji. Abin roba ya san in ya gaji gida ake dawowa. Kai da aka haifa a Karaye, sai an aika majalisa an kira ka."

Yanzu haka yana zaune gaban turmi yana cire hancin barkono, yana atishawa, don ba zan shiga gidan surukai hannu rabbana ba.

Mata, ku gaya mini gaskiya: in bar shi a tsinka, ko in miƙa masa taɓarya?