Kwamfutar da Ba Ta Gane Kawu Sai Bayan Azahar

A hutun makaranta na watan Afrilu, lokacin da ake yankan shinkafar rani, kawuna ya aiko a ce mini in zo Kende in duba masa kwamfuta. Ni malamar firamare ce a Bagudo. Abin da na sani a kwamfuta bai wuce buga takardun jarrabawa da adana sunayen ɗalibai ba, amma a danginmu wannan ya isa a kira ni gwana. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shi ma ya yi malanta kafin ya yi ritaya ya koma gona, kuma shi ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta yankinsu. Wasu masu tallafa wa manoma ne suka kira sakatarori zuwa Birnin Kebbi a ƙarshen damina, suka koyar da su kwana uku, suka ba kowa kwamfuta ta hannu don rubuta sunayen manoma da girman gonakinsu.

Maigidana ya kai ni a kan mashin da safe, da nufin in yi kwana biyu. Na tarar da Kawu a ofishin ƙungiya, wani ɗan ɗaki mai rufin kwano kusa da sito, da teburi ɗaya da benci biyu da batirin sola a kusurwa. Manoma huɗu na zaune suna jira. Bayan mun gaisa ya buɗe kwamfutar, ya nuna mini ɗan wurin da ake ɗora yatsa a gefen madannai, bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba. Ya ɗora manuninsa na dama. Rubutun da ke fuskar kwamfutar ya ɗan girgiza, ya ce ba a gane shi ba. Ya sake, ya sake. A karo na ƙarshe ta daina karɓar yatsa, ta nemi lambar sirri.

A nan na gane abin da ke damunsa. Lambar tana rubuce a wata takarda da yake naɗewa ya sa cikin hularsa, don ba ya iya riƙe ta a kai. Dole ya cire hula a gaban mutane, ya warware takarda, ya sa tabarau, ya danna lamba ɗaya-ɗaya. Kwamfutar ta buɗe, aiki bai tsaya ba. Amma dattijon da ya karantar da rabin mutanen da ke ɗakin ba ya son a ga na'ura tana ƙaryata shi kullum.

"Ɗiyata, da anka ba ni ita, taɓawa ɗaya nika yi ta buɗe," in ji shi. "Yanzu da safe ba ta san ni ba. Amma ki jira bayan Azahar ki gani."

Na ɗauka zance ne kawai. Sai ga shi bayan an sauko daga masallaci, ya dawo, ya ɗora yatsan nan dai, kwamfuta ta buɗe ba gardama. Wani abokinsa da ke zama a bencin ƙofa, tsohon masunci ne, ya yi dariya ya ce ai kowa ya sani, na'urar nan ba ta yarda da mutum sai ya yi salla. Kawu ya ce masa ai Asuba ma yana yi, kuma a sahun gaba. Duk da haka na lura maganar ta yi masa daɗi.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Yatsa ɗaya, mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, me ke canzawa tsakanin hantsi da Azahar? Na yagi takarda daga littafin da na zo da shi, na fara rubuta duk lokacin da ya taɓa, da ƙarfe nawa ne, da ko ta buɗe ko ta ƙi. Kwana biyun da na ce zan yi suka zama shida.

Da farko na zargi caji. Da safe batirin kwamfutar yakan yi ƙasa, sai rana ta ɗaga sola ya cika shi. Na sa aka bar ta a jone har ta cika tun yamma, washegari da safe ta ƙi shi duk da haka. Na koma zargin zafi, na ce ko sai ta ɗumama take gani da kyau, kamar injin ban ruwa da ke wahalar tashi da sanyin safiya. Na kunna ta tun ƙarfe bakwai, na bar ta tana aiki, na kulle, Kawu ya zo ƙarfe tara ya taɓa, ta ƙi. Na goge wurin ɗora yatsan da gefen mayafina, na ga ɗan datti ya fita, na yi murna. Bai canza komai ba.

A rana ta uku wani manomi ya ba ni lambar wani mai gyaran waya da kwamfuta, mutumin tsallaken iyaka ne, daga Benin yake shigowa ranar kasuwa. Na kira shi. Hausarsa kaɗan ce, sai muka koma harshen Dendi, wanda nake ji daga wurin mahaifiyata amma bakina ba ya saurin kamawa. Shi kuma duk sunayen abubuwan da ke cikin kwamfuta da Faransanci ya san su, ni da Turanci. Muka daɗe yana kwatanta mini hotuna: ki nemi wani abu mai kama da haƙoran ƙarfe a zagaye, ki danna, ki nemi kibiya mai juyawa. Daga ƙarshe na gane yana so in sabunta manhajar kwamfutar ne, don wani lokaci ɗan abin da ke karanta yatsa yakan rikice idan an daɗe ba a sabunta ba. Sabis ɗin waya a ofishin ba shi da ƙarfi, sai na ɗauki kwamfutar na zauna ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bakin hanya inda ya fi kamawa, na jona ta da wayata. Ta ci data, ta kashe kanta ta kunna har sau biyu. Na dawo da ita ina ganin an gama. Washegari da safe ta sake ƙin Kawu.

Mai gyaran ya faɗi wani abu kafin mu ajiye waya, wanda ban ba muhimmanci ba a lokacin. Ya tambaye ni ko kwamfutar tana karɓar yatsan wani. Da na ga duk dabarata ta ƙare, sai na roƙi Kawu ya bari in shigar da nawa. Ya buɗe da lambar sirri, na shiga wurin da ake tsara hanyoyin buɗewa, na ɗora yatsana ina ɗagawa har ta ce ta ɗauka. Daga nan, safe ko rana, ko sau goma na taɓa sai ta buɗe. Ashe ba kwamfutar ba ce. Na ji kunyar faɗa masa, amma ya riga ya gani. Ya juya hannunsa yana kallo.

Abin ya warware ne ranar da ba na nemansa. Da hantsi wata Bafulatana mai tallar nono da ta saba da ofishin ta kawo wa Kawu mangwaro uku daga itacen da ke rugarsu. Ya zauna a ƙofa ya sha ɗaya, ya ɗauki buta ya wanke hannu, ya goge a jikin rigarsa. Wani manomi ya shigo yana son a gyara sunan mahaifinsa da aka rubuta ba daidai ba. Kawu ya ɗora yatsa ba tare da tunani ba, yana ci gaba da magana, kwamfuta ta buɗe. Na dubi agogon wayata, goma da 'yan mintuna. Na dubi butar da ke ƙofa.

"Kawu, don Allah kulle ta. Kada ka taɓa ruwa, mu jira."

Muka jira wajen rabin awa, ga zafin rufin kwano. Ya taɓa, ta ƙi. Na zuba masa ruwa, ya ɗora yatsan yana ɗiga, ta ƙi. Na goge wurin, shi ma ya goge yatsan a riga ya bar shi da ɗan danshi, ya ɗora, ta buɗe. Muka maimaita sau uku, abu ɗaya. Alwala ce ke jiƙa masa fata. Abokinsa masunci ya ce to ai maganarsa tana nan, tunda ruwan alwala ne. Ban yi masa musu ba.

Da na san haka sai wata tambaya ta taso: me ya sa nawa ba ya buƙatar ruwa? Na roƙi Kawu ya miƙo hannu, na ɗauki hoton yatsansa da waya a wurin haske, na faɗaɗa. Ban taɓa kallon yatsan mutum haka ba. A nawa, zanen ya fito sarai, layuka suna zagaye juna, sai ɗan bushewar alli a gefe. A nasa kuwa tsakiyar ta shafe, ta yi sumul kamar ƙotar fartanya da ta daɗe a hannu, ga tsage-tsage farare sun ratsa ta. Kullum bayan Asuba yakan je fadama, ya kama lauje, ya ɗaure dami, ya buga shinkafa a jikin ganga, ƙaiƙayi yana cin fatar, sannan ya riƙe kan mashin ya taho ofis. Lokacin da aka ɗauki yatsansa a Birnin Kebbi kuwa ya kwana uku a masauki bai taɓa komai ba sai biro da cokali. Yatsan da kwamfutar ta sani ke nan. Idan ruwa ya taɓa fatar sai ta ɗan kumbura, ragowar zanen ya taso, har na'urar ta iya gani.

Matarsa ta ba da shawarar man kaɗe. Muka gwada, ya dame wurin da maiƙo, sai da na yi ta gogewa. Daga baya muka gane idan ya shafa tun da yamma ya kwana da shi, tsagewar tana raguwa, amma ba a shafa a taɓa kwamfuta nan take.

Na ɗauki hoton yatsunsa goma, muka zauna muna dubawa kamar masu zaɓen iri. Na hagu sun fi na dama, kuma yatsan zobe na hagu ya fi kowanne, zanensa tsaf kamar na saurayi. Na goge tsohon yatsan da aka shigar, na goge nawa ma, don kwamfutar ƙungiya ce, ba tawa ba. Muka shigar da yatsan zoben na hagu da na tsakiya, yana juya su gefe da gefe yadda take nema. Manunin dama muka sake shigarwa a yadda yake yanzu, ya ba mu wahala, sai a gwaji na huɗu ta karɓa. Washegari ya dawo daga fadama da hannu busasshe, ya ɗora na hagu, ta buɗe. Ya kulle ya sake taɓawa, don dai ya gani.

A cikin hotunan nan ne na lura da wani layi mai zurfi a babban yatsansa na dama, wanda ba irin tsagewar rani ba ne. Na tambaye shi. Ya yi murmushi ya ce aikin yayarsa ne, wato mahaifiyata. Ya ba ni labari cewa suna yara an tura su gadin tsuntsaye a gonar kakanmu, sai suka sami rake guda ɗaya. Ita babba, ta ce ita za ta raba, ta sa shi ya riƙe, ta sara da wuƙar girki, ta haɗa da yatsansa. Ta yaga bakin zanenta ta ɗaure masa, ta ba shi raken duka a kan kada ya faɗa a gida, ya ce wa iyayensu lauje ne. Ya ce shekara fiye da hamsin bai taɓa faɗa wa kowa ba, sai yau da na sa waya na tono.

Kafin in tafi, labarin hotunan ya bazu. Manoma suka riƙa miƙo hannu in ɗauka su gani. Na masuncin duk zaren komar kamun kifi ya yi masa layuka. Bafulatanar ta ƙi da farko, daga baya ta miƙo, nata kuwa sumul da laushi, ta ce tatsa ce da man shanu. Wani tsoho ya daɗe yana kallon nasa, ya ce shi ya sa ke nan duk inda aka kai shi dangwala yatsa sai an yi ta fama da shi, ya ɗauka rashin sa'a ce.

Da na koma Bagudo na wuce gidan mahaifiyata kafin in isa nawa. Na same ta a kan tabarma tana tsince wake a faifai. Na nuna mata hoton, na tambaye ta ko ta san wannan yatsa. Ta kawo wayar kusa da ido, ta nisanta, ta ce na ƙanenta ne. Na faɗa mata abin da ya ce. Ta ajiye faifan, ta yi dariya har ta share ido da bakin ɗankwali.

"Ƙarya shika yi," ta ce. "Ba rake ba ne, takanɗa ce. Kuma na ce mishi ya janye hannu, sau biyu, shi ne ya ƙi, yana tsoron in ɗauki babban rabo."

Na tambaye ta ko gaskiya ne ta ba shi duka. Ta ce rabi ta ba shi, rabin kuma ta shanye a gabansa yana kuka. Ta sa na kira mata shi a waya nan take. Na bar su suna musu da Dendi, na jawo faifan na ci gaba da tsince waken.