Gwadabe Mai Famfo da Bangon Inna Yelwa

Kullum da hantsi, in ka ji ƙarar keke yana gangarowa daga Kurugu, sufana na dukan gwangwani a baya, to Malam Gwadabe mai famfo ne ya shigo Ƙaraye. Ba ya taɓa aiki sai ya gaisa da kowa, har akuyar gida sai ya tambayi lafiyarta. Bana gwiwa ta ce ya isa, ya jingine keken.

Ayyukansa ba sa ƙirguwa daga nan har Rogo, amma na gidan Alhaji Isyaku magatakarda shi ne ba a mantawa.

Alhaji ya gina banɗakin zamani, irin wanda ake ɓoye tankin ruwansa cikin bango, madanni kaɗai ake gani. Kwatsam tanki ya fara yoyo. A bayan bangon nan kuwa ɗakin mahaifiyarsa ne, Inna Yelwa, inda kantar jerenta take, kwanuka da tangaran tun na aurenta, waɗanda marigayi mijinta ya kafa wa katako da hannunsa. Danshi ya ci bango. Lurwanu magini ya iso da guduma, ya ce sai an fasa bangon ta ɗakin Inna.

Inna ta jawo kujera ta zauna a gindin kantar jeren. "Lurwanu, fara da kaina, ya fi bangon taushi."

Aka aika wa Gwadabe. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya ce, "Inna, a san mini bula."

"Wanki ka zo yi mana, ɗan nan?"

"Shaida zan kira."

Ya kwance madannin, rami ya bayyana daidai shigar hannu. Ya zuba bula a tanki, ya sa Inna ta manna farin ƙyalle a wurin danshin. "In ya yi shuɗi, tankin ne ya tsage, Lurwanu ya yi gaskiya. In ya tsaya fari, ciwon yana sama, hannuna zai kai."

Inna na jan carbi, Lurwanu na shafa guduma, Alhaji na sintiri. Ƙyalle ya jiƙe sharkaf.

Fari tas!

Gwadabe ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro wata 'yar roba da ta ruɓe a bakin bututun da ke kawo ruwa. Ya yanko sabuwa daga tsohuwar robar tayar kekensa, ya ɗaure. Ɗigo ya ɗauke. Inna ta rangaɗa guɗa, Lurwanu ya ce, "To ni da gudumata fa?" Ta ce, "Akwai goriba a zaure, je ka fasa."

Malam Gwadabe, kai ne mai tambayar ruwa kafin ka hukunta bango. Kai ne ka san abin da ke jikin bangon wani ba siminti ba ne kawai. Na Kurugu, maganin ɗigo, mun gode. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu tasowa a sana'a, kafin ku ɗaga guduma a gidan mutane, ku leƙa ɗakin Inna Yelwa. Jeren na nan, ko kwano ɗaya bai gusa ba.