Raƙumin da Bushiya Ta Tsayar

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina aji uku a firamare, ina zaune wurin kakata Inna Hassi a Argungu. Idonta ya daɗe da mutuwa, amma da kunne take zuwa kasuwa ita kaɗai. Ko motar Birnin Kebbi ce ta taho ko ta Augie, daga kukan inji take ganewa.

Bayan magariba mukan kewaye murhun da take bandar kifi, hayaƙi yana sa mu hawaye, ita kuwa ko a jikinta. Sai ta ce, "Ku matso, ga wata ta taho."

Cikin tatsuniyoyinta, wadda ta fi zauna mini ita ce ta Raƙumi. Duk girmansa ba a jin tafiyarsa, saboda tafin ƙafarsa laushi gare shi. Kullum ya bi hanyar gulbi sai ya taka wani. Ya taka 'ya'yan Kaza, ya karya wa Kwaɗo ƙafa. In an yi magana ya ce haka Allah Ya yi shi, kowa ya riƙa waiwaye. Sai wata tsohuwar Bushiya da ba ta gani ta je tsakiyar hanya ta dunƙule.

Nan Inna kan ɗaga murya: "Tac ce mai, 'Ni ban da idon waiwaye. Ko ka rataya ƙararrawa, ko ka taka ni mu ga wa ka kuka!'" Raƙumi ya wuni tsaye da kaya a baya, ƙarshe ya aika aka sayo ƙararrawa.

Mu dariya kawai muke yi.

Yanzu ina unguwar Gesse a Birnin Kebbi, na bar koyarwa, ciwon idon gidanmu ya iske ni, ni ma ba na gani. Kwanaki da safe zan tsallaka titi zuwa asibiti. Na saurara, shiru, na sa ƙafa. Sai ji na yi an fizge sandata, iska ta kaɗa mayafina. Ashe keke mai ƙafa uku ne cikin sababbin nan masu caji, waɗanda ba su da kuka.

Direban, magidanci ne da jin muryarsa, ya ce, "Haba Hajiya, ba ki duba hanya?"

Na lallaɓa na dafa gaban keken. Na ce, "Da mi zan duba? Ba ni gusawa sai ka gaya min yadda zan san ka taho."

Masu mashin suka taru, ana ta ba ni haƙuri. Na ƙi. Fasinjojinsa suka sauka suka nemi wani. Da ya ga da gaske nake, ya ɗauko mini sandar, ya rantse zai riƙa danna oda a kowace mararraba.

'Ya'yana sun ce in daina fita ni kaɗai, wai kekunan ƙaruwa suke yi. Na ce su ƙaru. Ranar Litinin ina da ganin likita, kuma da ƙafata zan je.