Wa Ke Sayayya da Katina?

A shekarun da gine-gine suka cika Abuja, ina da filin buga bulo a Tungan Maje, bakin titin Gwagwalada. Tifa ta sauke yashi da safe, kafin yamma motoci sun kwashe abin da muka buga. Ana nan sai 'yan kwangila suka daina biya a hannu, suka ce sai ta banki. Haka na buɗe asusu aka ba ni kati, ga furfura a gemuna amma ban iya karanta sunana da ke jikin katin ba.

Lokacin babu na'urar cire kuɗi a wajenmu. Maƙwabcina mai shagon kayan masarufi shi ke shiga Gwagwalada saro kaya, don haka shi muke ba katunanmu. Ya haɗa su ya ɗaure da roba, kowa ya raɗa masa lambar sirrinsa a kunne, ya riƙe a ka. Tsofaffi, mata masu tuwo, har Fulanin da ke kawo shanu kasuwa, duk hannunsa suke bi. Bai taɓa karɓar lada ba. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kuma shi ya tsaya mini lokacin da zan sayi filin da nake aiki.

A wannan tsakanin na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi a firamare bayan la'asar. Malamarmu ta ce mu riƙa gwada karatu da saƙonnin wayarmu. A nan na fara bambance saƙon banki na shigar kuɗi da na fita. Da can in waya ta yi ƙara ina ɗauka alheri ne ya shigo. Da na fara ganewa sai na ga ana cire mini kuɗi a ranakun da katin ke cikin aljihuna. Kaɗan-kaɗan ake ɗiba, sai wata rana aka ɗebi abin da ya kai kuɗin tifar yashi.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san lambar sirrina. Ban ce masa komai ba, amma na fara kallonsa. Ya sa sabon firiji a shago, na lura. Ya canza waya, na lura. Ko naman da aka shiga da shi gidansa sai na auna shi da ido.

"Furofesa mai bulo!" haka yake kirana tunda na shiga aji. "Yau wane harafi aka ci? Ko har yanzu kuna kan baƙin farko?"

"Mun kai inda ake karanta saƙon banki," na ce, ina duban fuskarsa.

"Madalla. To ka karanta mini nawa, ko na ji na yi arziki ban sani ba."

Ya yi dariya. Na koma fili ina juya dariyar a raina, ina neman ko akwai tsoro a cikinta.

Na tafi banki da kaina. Wadda ta saurare ni 'yar kudu ce, Hausarta irin ta Abuja. Ta duba kwamfuta ta ce, "Baba, wannan ba cirewa a mashin ne ba. An yi sayayya da kati naka a intanet. Takalmi, kati na waya, har kuɗin kallon fim."

"Ni da ko talabijin ban da shi?"

"Akwai wanda kana ba shi kati naka?"

Na san amsar da za ta fi mini sauƙi, amma na faɗi gaskiya. Na ce akwai maƙwabcina da ke ciro mana kuɗi. Ta ajiye biro.

"To Baba, kai ne ka buɗe ƙofa. Banki ba zai biya ba. Sai dai ka ba mu suna nashi, a kai ma 'yan sanda, su za su matse shi."

Na ce zan yi tunani. Ta ce ta rufe katin, in jira sabo. A mota na yi ta hango maƙwabcina tsare a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, an cire masa hula, iyalinsa na tsaye a waje. Sai kuma in tuna firijin. Da na isa gida ban yanke komai ba. Bayan 'yan kwanaki wayar ta sake ƙara, an sake ɗiba daga katin da aka ce an rufe.

Akwai wani Alhaji, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, da ke gina gida a wajen Bwari yana sayen bulo a wurina. Ya zo zai biya, ya ce in ba shi lambar asusu. Na zaro katin na miƙa masa kamar yadda na saba, na ce ya ɗauki hotonsa da waya.

"Ka ɗauki gaba da baya, ranka ya daɗe, don kada a rasa wata lamba."

Ya tsaya yana kallona, katin a hannunsa. "Malam, wa da wa suka taɓa ɗaukar hoton nan?"

"Duk wanda zai biya ni."

"Innalillahi! Ai wannan doguwar ba lambar asusu ba ce. Wanda ya samu wannan da 'yan ƙananan nan na baya, zai yi sayayya daga ɗakinsa. Ko lambar sirrinka ba ya buƙata."

Ni a sanina lambar sirri ce kaɗai abin ɓoyo. Waɗanda aka buga a fili a jikin kati, ina ɗauka don mutane su gani aka buga su. Ashe shi ya sa 'yan kwangila kan sake kirana su ce lambar ba ta shiga, sai in haɗa su da wani ya karanto musu ta takardar banki. Hoton kuwa yana nan a wayoyinsu. Na fara lissafa fuskoki: direbobin tifa, magina, wani oga mai hular kwano da ya ɗebi bulo sau ɗaya ban ƙara ganinsa ba. Zargina ya bazu kan mutane da yawa. Amma bai sauka daga kan mai shago ba, don babu wanda katin ya daɗe a hannunsa kamar shi.

Alhajin ya kwatanta mini ofishin gwamnati da ke karɓar koken masu hulɗa da kamfanoni, a cikin gari. Malama ta taya ni tsara koke. Na yi ta zuwa. Yau a ce oga yana taro, gobe a ce banki bai ba da amsa ba. Ba na faɗa, ba na ɗaga murya. In zauna a benci in yi ta haɗa haruffan da ke jikin bango har a kira ni. Aikin bulo ya koya mini jira, don ba a ɗaga bulo kafin ya bushe.

Daga ƙarshe jami'in da ke riƙe da maganata, wani mai fara'a da gilashi, ya ce, "Baba, ga inda aka tsaya. Abin da aka cire bayan ka kai musu ƙara, sakacinsu ne, za su mayar. Na baya sun ƙi, tunda da bakinka ka ce kana ba wani kati. In kana so a bi wannan, sai ka kama suna."

Na baya ya fi yawa nesa ba kusa ba. Na tambaye shi ko binciken zai nuna ainihin wanda ya yi. Ya ce wataƙila, amma da wanda na ambata za a fara, kuma zai kwana a hannu kafin a gane komai. Na ce a bar shi. Ya tambaye ni har sau biyu, na ce a bar shi.

Na ɗauka magana ta mutu a nan. Ashe matar bankin ta gane maƙwabcina, tunda kullum ana ganinsa a layi da katuna a ɗaure. Ta ja shi gefe ta ce ya daina karɓar katunan mutane, wani mai bulo ya kawo ƙara.

Ya same ni a fili ina zuba wa bulo ruwa. Bai kira ni Furofesa ba.

"Malam, sun nemi sunana a wurinka?"

"Sun nema."

"Ka bayar?"

"Ban bayar ba."

"Don ka tabbata ba ni ba ne, ko don maƙwabtaka?"

Ruwa na ta zuba a ƙafata. Na ce, "Don maƙwabtaka."

Ya gyaɗa kai, ya ce ya gode, ya juya. Washegari ya bi gida-gida ya ce kowa ya riƙa zuwa banki da ƙafarsa. Tsofaffin unguwa sun daɗe suna yi mini mita kan kuɗin mota da tsayuwar layi. Muna gaisawa da shi har yau, ya zo sunan jikata, na je ta'aziyyar mahaifiyarsa. Sukari da sabulu kuwa tun daga lokacin matata ke aikawa a sayo, ni ban ƙara zama a bencin shagonsa ba, shi ma bai ƙara ce mini in zauna ba.