Lakar Tafkin Cadi a Teburin Mai Shayi

A bencin Kassimu mai shayi a unguwar Hindawiyya wani baƙo na zaune, dattijo siriri mai tabarau ɗaure da zare. Ya shigo rungume da doguwar kwalba kamar jariri. Cikinta laka ce hawa-hawa, fara bisa toka-toka, toka-toka bisa baƙa.

Da dattijon ya tashi wanke hannu, Kassimu sarkin karambani ya zaci maganin basir ne ya kwanta. Ya girgiza masa ita sosai, wai taimako.

Yanzu dattijon na kallon kwalbar da ta koma kamar kunu. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi damun Kassimu ke nan.

"Daga gindin Tafkin Cadi na ɗebo ta," in ji shi a hankali. "Gansakukar da ido ba ya gani ce ke mutuwa ta nitse. Jikinta ya ruɓe, ɓawon ya saura, shekara bisa shekara. Da shi ake gane lokacin da tafkin ya cika da lokacin da ya janye."

"Malam, ba za ta sake kwanciya ba?"

"Za ta kwanta, ɗan'uwa. Amma kaka da jika sun cakuɗe. Halas, shi ke nan."

Wataƙila malamin jami'a ne, wataƙila ɗan masunta ne da tafkin ya gudu ya bari. Kunya ta hana Kassimu tambaya. Ya zuba masa shayi, ya sa sukari, ya ɗauki cokali, sai hannunsa ya tsaya.

"Wannan kam juya shi," in ji dattijon.