Dakashin da Muka Cinye a Gidan Suminah

A ƙauyenmu na gindin dutsen Merbabu, duk wanda maraƙinsa ya ƙi shan nono, Suminah ake kira. 'Yar guntuwar mace ce, yatsunta duk sun yi kanta saboda tsotson maruƙa. Sai ta tsoma hannu a bokitin nono, maraƙi ya kama yatsa, ta ja shi a hankali har bakinsa ya taɓa nono. Shekara talatin tana haka, ko ɗaya bai taɓa mutuwa a hannunta ba. Abu ɗaya take nanatawa: dakashi, nonon farko mai kauri rawaya, lallai ya shiga cikin maraƙi tun jikinsa bai bushe ba.

Saniyarta ɗaya, ta tsufa, kuma maza ta yi ta haifa. Mace Suminah take jira, wadda za ta gaji turken.

To, ranar da ta tafi birni duba 'yarta Warti da ta haihu, ranar saniyar ta zaɓa ta haihu. Mijinta Wagiman ya kira maƙwabta, muka taru muka jawo abin da ke cikinta. Mace! Wagiman har da rawa. Kun san al'adarmu: ana turara dakashi da sukarin kwakwa a ganyen ayaba, a raba wa waɗanda suka taya. Amma na rana ta biyu ake rabawa, bayan maraƙi ya ƙoshi. Wagiman ya tatse saniyar tas, duk ya ɗora a wuta. Ni kaina ƙulli biyu na ci.

Da la'asar Suminah ta sauka daga kan babur. Ba ta gaishe mu ba, sai da ta shafa cikin maraƙar. A shafe yake.

"Baban Warti, me ta sha?"

"Ruwan ɗumi da sukari. Ai kin ce cikin jariri ba ya son nauyi."

"Ina dakashin?"

Ya nuna mu. Ganyen yana hannuna har lokacin.

"Ku goma sha ɗaya," in ji ta, tana ƙirga mu da yatsa, "kowa da saniya a gida, babu wanda ya tambaya? Ke ma, ƙanwata," ta dube ni, "har da ke? Kai kuwa, tsohon banza, shekara talatin kana kallona, ashe bokitin kake kallo!"

Ta kwance zanen goyo, ta ɗaure maraƙar a bayanta kamar jikarta, ta hau tudu zuwa ƙauyen gaba, inda ta ji wata saniya ta haihu da safe. Ta samo kwano guda, ta ɗura mata. Amma lokaci ya wuce. Kwana na huɗu gudawa ta kama maraƙar, na shida ta mutu, kanta a cinyar Suminah.

Tsohuwar saniyar ba ta sake ɗaukar ciki ba.

Har yau Suminah tana zuwa in an kira ta. Sai dai a ƙauyenmu ba mai ɗora dakashi a wuta sai ta zo ta shafa cikin maraƙi ta gyaɗa kai. In an miƙo mata nata ƙullin, ba ta karɓa.