Ina Gonar Riɗi Aka Goge Sunana

Mutumin da na yi wa noma shekara goma sha ɗaya shi ne ya sa hannu a takarda ya ce bai san ni ba. Da wannan layi ɗaya aka fitar da ni daga aikin gwamnati, ba fansho, ba garatuti, ba ko takardar sallama. A littafinsu ni ma'aikacin bogi ne, wato suna kawai ake cin albashi da shi, babu mutum a bayansa. Ga ni kuwa zaune a ɗakina a Akurba ina rubuta wannan da hannuna.

Bokona ba mai zurfi ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, lokacin da mahaifinmu ya rasu. Don haka mai neman bayanin tattalin arziki ya nemi wani. Ni abin da ya same ni kawai na sani.

Masinja aka ɗauke ni, a wata ma'aikata nan cikin Lafiya. Aikin ba wuya: ka ɗauki fayil daga wannan tebur ka kai wancan, ka goge ƙura, ka sayo wa manya abinci. Na iya shi kuma, don ko fayil ya shekara biyar da ɓata, a ba ni rabin awa in tono shi. Mu biyu ne masinjoji a sashenmu, ni da wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon da ya girme ni sosai. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min ƙane. Kwanonmu ɗaya da rana, ban da lokacin azumina, da yakan ɓuya a bayan ofis ya ci nasa don kada in gani.

Wata rana ina musu da mai sayar da doya a bakin get, ina gaya mata wannan doyar an haƙe ta ba ta ƙosa ba, sai ga Darakta, shugaban sashenmu, ya fito zai shiga mota. Ya tsaya yana saurare. Washegari ya kira ni ofishinsa ya tambaye ni ashe ni manomi ne. Na ce a gona aka haife ni. Ya ce yana da fili a hanyar Doma, leburori suna cutarsa, in je ranar Asabar in duba masa.

Asabar ta zama Juma'a da Asabar. Damina ta zo, ta zama mako guda. Kafin shekara ta zagayo, ofis sai in zo sau ɗaya a wata, shi ma don in kawo wa Darakta labarin gona.

Kada wani ya ɗauka ni kaɗai ne. Haka aikin yake tafiya a lokacin. Direban ofis yana kai 'ya'yan wani babba makaranta, mai shara tana wanki a gidan wani. Ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. Idan aka tambayi mutum, amsar ɗaya ce, yana wajen Oga. Da an faɗi haka magana ta ƙare.

Sai dai akwai rajista. Wani dogon littafi ne a kan tebur a bakin ƙofa, kowa ya zo da safe ya rubuta sunansa ya sa hannu, in lokaci ya wuce a ja jan layi. Baba ne ya ɗauki wannan nauyin ba tare da na roƙe shi ba. Kullum ya sa nasa, ya sa nawa. Ni sa hannuna sunana nake rubutawa cikakke, a hankali, yadda aka koya mana a firamare. Baba kuwa ya ƙirƙira min wani ɗan lanƙwasa kamar ƙugiya, ya ja masa wutsiya. Har tsokanata yake yi, wai ya yi min sa hannun manyan mutane, saura mota. Muka yi ta dariya. Shekara goma sha ɗaya wannan ƙugiyar tana zuwa aiki a madadina.

Gaskiyar da ta fi min ciwo ita ce na ji daɗin abin. Ba wanda ya ɗaure ni ya kai ni gona. A ofis ni ne na ƙarshe, kowa ya aike ni. A gona ni ke ba da umarni, leburori goma suna jiran bakina. Darakta yana ce min mutumina, a gaban baƙi ma. Da kaka ya ba ni doya da buhun masara, da salla ya ba ni tsofaffin takalmansa. Na riƙa ganin na fi sauran masinjoji. Baba ya sha gaya min in zauna in yi jarrabawar ƙarin girma in zama akawu, tunda ina iya karatu da rubutu. Na ce ba lokaci. Matata ma ta taɓa tambayata, tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba: "Wai gwamnati ce ta ɗauke ka aiki ko shi?" Na ce ta yi abin da ke gabanta.

Daga baya zamani ya juya. Rediyo ba ta da magana sai bashin da ake bin ƙasa, wai kuɗin da ke shigowa a biyan bashi yake tafiya, dole a tsuke bakin aljihu. Albashi ya fara makara. Aka haɗe sassa, wanda yake da ofis shi kaɗai ya koma raba tebur da wani. Motocin ofis suka zauna a kan duwatsu ba taya. Takardar rubutu ma sai mai neman aiki a wurinka ya sayo. Sai sanarwa ta fito cewa za a tantance ma'aikata, a cire na bogi. Kowa ya zo da kansa, da takardar ɗaukarsa aiki, a ɗauki hotonsa da zanen yatsansa. Ma'aikatarmu aka ba ta kwana uku.

Kwana ukun nan suka faɗo daidai lokacin da riɗi ya nuna. Wanda bai noma riɗi ba ba zai gane ba. Idan ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba, to yanka ya zo, a ɗaure shi dami-dami a jingine ya bushe. Ka ƙara masa 'yan kwanaki a tsaye, kwanson ya buɗe, iri ya zube ƙasa, wahalar shekara ta zama abincin tsuntsaye. A shekarar kuwa Darakta riɗi ya zuba a kusan duk filin, don yana kuɗi.

Ranar farko na yi sammako na je gidansa a Bukan Sidi, takarduna a cikin leda, na sa rigata ta Juma'a. Na ce zan je a tantance ni, in wuce gona da rana. Yana shan shayi. Ya ce layin da ke can ba zai ƙare da rana ba, mutum sai ya wuni.

"Riɗi ba zai jira ka ba, mutumina. 'Yan kwamitin nan kuwa na san su. Ni zan ji da naka."

Na tafi gona. Na rataye rigar da ledar a reshen ɗorawa, muka shiga yanka. Rana ta biyu da azahar na tsaya na dubi hanya. 'Yan acaɓa suna wucewa ba fasinja. Da na ɗaga hannu, kafin la'asar ina cikin layi. Na tsaya ina kallo har na ji wani lebura yana tambaya ina za a jingine damin da ke kansa. Na juya na nuna masa. Wannan tsayuwar har yau ina ganinta, ko ina cikin tuƙi.

Riɗi ya yi kyau, ko ƙwaya ba ta zube ba. Ƙarshen wata kowa ya ji alat na albashi a wayarsa, tawa shiru. Na je ofis na tarar an manna jerin sunaye a allo, sunana yana ciki, ƙarƙashin ma'aikatan bogi. Darakta ya ce kuskure ne, an kafa kwamitin sauraron ƙorafi, in je. Amma ya ja min kunne kada in ambaci gona, don zai ɓata mana duka. In ce ba ni da lafiya.

Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata mata mai tabarau. Na ce rashin lafiya ya hana ni zuwa. Ta nemi takardar asibiti, babu. Ta sa a kawo rajistar sashenmu. Wanda ya shigo da ita a ka, littattafai jibge, Baba ne. Ya ajiye ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Matar ta miƙo min biro da farar takarda ta ce in sa hannu sau uku. Na rubuta sunana cikakke sau uku. Ta buɗe rajista, shafi bayan shafi, ƙugiya da wutsiya. Ta kira matasan da ke aiki a sashen, waɗanda aka kawo cikin shekarun nan. Suka dube ni da kyau. Ba wanda ya san fuskata.

Ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa. Ta cire tabarau ta ce, "Malam, ka gaya mana gaskiya, wataƙila akwai abin da za mu iya yi. Ina kake duk shekarun nan, kuma wa ke sa maka hannu?"

Baba saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Ina jin numfashinsa a bayana. Sannan har a lokacin ina da yaƙinin Darakta zai gyara komai ta sama. Na ce ni dai ba ni da lafiya ne.

Sai ta jawo wata takarda ta karanta min, ta fassara da Hausa. Shugaban sashe ne ya rubuta cewa ba a san mai wannan suna a sashensa ba. Na nemi in gani. Na san sa hannun, na sha ɗaukarsa a fayil. Na dubi kwanan watan. Ya rubuta ta mako guda kafin ranar da ya ce min kuskure ne.

Bayan nan na yi ta zuwa gidansa, maigadi yana cewa ba ya nan, motarsa kuwa tana ciki. Baba ya zo har gida ya zauna a tabarma yana share ido da hularsa, ya ce zai je ya tona kansa. Na hana shi. Mutum ɗaya ya faɗi ya isa. Ba a daɗe ba ma aka soke aikin masinja a sashen gaba ɗaya, amma shi ya fita da takardunsa. Yanzu yana bin layin 'yan fansho, wani wata a samu, wani wata a ce a dawo. Yana kuka da layin. Ni kuwa in na wuce na gan su zaune a inuwa da fayil a hannu, kishinsu nake yi, don su akwai layin da ya san da su.

Keke Napep na wani maƙwabcina nake ja yanzu, daga kasuwa zuwa Akurba. Fasinjoji suna musun bashin ƙasa a bayana, wannan ya ce laifin wancan ne. Ba na sa baki. Da aka ciwo bashin ban ga ko kwabo ba, da aka zo tsuke aljihu da ni aka tsuke. Amma ba na iya ɗora wa gwamnati duka. Ta ce in zo in nuna fuskata, kwana uku tana jira, ni ne ban je ba.

Bara, da ganyen riɗi ya fara rawaya, sai ga kiran waya. Darakta ne, ya yi ritaya, wai in zo yana son ganina. Matata ta ce kada in je. Na je.

Na same shi a baranda, ya rame, ƙafa a kan ƙaramar kujera. Ya ce mutumina, ka ɓuya. Ya yi ta magana, ƙasa ta lalace, kowa ya ji jiki, shi ma garatutinsa bai fito ba, abin da ya faru ya fi ƙarfinsa, da ya yi magana, da dukanmu an kore mu. Sannan ya zo kan abin da ya kira ni. Tun da na bari gonar ba ta ƙara yin kyau ba, leburori suna cutarsa, ga riɗi ya kusa yanka. In koma in kula masa, zai riƙa ba ni wani abu duk wata.

Ya nuna min kujera, ban zauna ba. Na ce masa:

"Yallaɓai, ba zan je ba. Shekara goma sha ɗaya na ba ka, ba ka ƙwata ba, ni na miƙa, wannan wautata ce kuma ina biyanta. Amma ranar da matar nan ta tambaye ni ina nake, na rufa maka asiri, ashe kai ka riga ka rubuta ba ka san ni ba. Ka dube ni ido da ido ka ce kuskure ne, ka tura ni in je in yi ƙarya dominka, takardar tana can tana jirana. Doyar da kuka ci a gidan nan ni na haƙa ta. Ba na son kuɗinka. In kana son ka yi min wani abu, ka ɗauki biro ka rubuta inda nake shekarun nan, ka sa wannan hannun naka, ka kai musu da kanka. In ba za ka iya ba, to ka bar riɗin ya zube. Kuma kada ka ƙara ce min mutumina."